Kyamara a Hancin Allo

Visp, 12 ga Satumba

Idalina matata,

Gaisuwa mai yawa daga cikin duwatsun nan na Suwizalan, da fatan ta same ku lafiya, ke da 'yarmu Nélia da yayanki Hermínio. Ni dai na gode Allah, in ban da gwiwar hagun nan da ke tuna mini shekaruna duk safiya. Tarin da kika ji a waya ƙurar rami ce, duk mai haƙa hanyar jirgi a cikin dutse yana yinsa, kada ki sa shi a ranki.

Busasshen kifi da man zaitun sun iso. Abílio direba ya rantse bai taɓa komai ba, amma na ga kwalbar man ta ɗan rage tsawo a hanya. Mu shida da ke ɗakin nan muka far wa kifin, ko ƙaya ba ta kwana ba.

Kin ce in daina wahalar da kaina da rubutu, in yi magana a waya kamar sauran mutane. Ke ba ki san ɗakin nan ba. Da na ɗauki waya sai ƙattai biyar su yi tsit, kowa ya kafa kunne yana kallon rufi. Me zan faɗa miki a gabansu ban da lafiya lau? Tun da motar Abílio na zuwa tana komawa da kayan mutane, gara in riƙa cusa takarda a ciki.

To, ki duba ƙarƙashin cakulan ɗin. Akwai wata 'yar aba da ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Kyamara ce mai shiga ruwa, ta Nélia ce, ta cikarta shekara sha bakwai. Mai shagon ya ce ana ɗaura ta a goshi da maɗauri, ana kuma manna ta a jikin allon hawan igiyar ruwa, duk kayan suna cikin kwalin. Ya kunna mini wani hoto da aka ɗauka da irinta, na ga mutum a tsakiyar ruwa kamar in miƙa hannu in taɓa shi.

Na san ba ta huce ba tun da na saɓa alkawarin zuwa a watan Agusta. In na kira, "Lafiya lau, Baba, ga Mama," shi ke nan rabona. Shekara biyu ke nan ban sa ta a ido ba, kuma kin ce ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Ki ce ta ɗauko mini hawan nan nata, ta ciro ɗan memorin da ke ciki, ki sa shi a ambulan tare da wasiƙarki. Fausto, wani mutumin garin Braga da muke ɗaki ɗaya, yana da kwamfuta, zai kunna mini.

Kada ki ce mata ni na roƙa. Ki ce mai shago ne ya ce a gwada a gani ko tana aiki.

Mijinki,
Custódio


Peniche, 7 ga Oktoba

Custódio,

Saƙo ya iso, mun gode. Lafiyarmu ƙalau. Hannuwana dai kamar kullum, gishiri da ruwan sanyin kamfanin sardin sun tsattsaga su, amma ba su hana ni riƙe biro ba. Yaya Hermínio na gaishe ka, ya ce ka bar tatsuniyar ƙurar rami ka kai ƙirjin nan likita ya saurara.

Ƙaryar mai shagon nan taka ban faɗe ta ba. Ni ban iya ba, ita kuma ba yarinya ba ce.

Da ta buɗe kwalin sai ta ce, "Cakulan kuma? So yake in yi ƙiba in nutse?" Tana ɗaga na ƙasa sai ta ga kyamarar. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta kwashe komai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ban ji na gode ba. 'Yarka ce, ba ta iya godiya da baki ba, kamar wani mutum da na sani.

Washegari ta kai wa kawunta a rumfarsa ta gyaran alluna, ni ma na bi ta don in kai masa miya. Ya ɗaga abin da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ƙaguwa.

"A ka za ki ɗaura ta," in ji shi. "Allona ba a manna masa tarkace."

"Allonka, Kawu? Na ɗauka nawa ne."

"Ni na sassaƙa shi, ja'ira. Ke aro kike yi har in mutu."

Haka ta ɗaura ta a goshi. Wallahi Custódio, da ka gan ta da baƙar rigar ruwan nan da abu a tsakiyar goshi, sai ka ce ɗaya daga cikinku ce masu shiga rami. Matan layinmu har sun sa mata suna, wai Fitilar Bakin Teku. Ko a jikinta.

Tun daga ranar ba ta fashi. Kafin gari ya gama wayewa ta saɓa allo ta nufi bakin tekun Supertubos, ta dawo leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi, ta kurɓi kofi a tsaye ta wuce makaranta. Da yamma ta zauna tana zaɓe, wannan ta goge, wancan ta bari. Na tambaye ta me take ta gogewa haka, ta ce, "Waɗanda ruwan bai yi kyau ba." Ban san ruwa na da mai kyau da mummuna ba sai a bakinta. Mu a gidanmu ruwa wurin neman abinci ne, in ya bar ka ka dawo ka gode wa Allah.

Ta nuna mini ɗaya, ban kai ƙarshe ba jiri ya kwashe ni, na ce ta ɗauke mini abin nan daga gabana. Kai da ka yi shekara ashirin a jirgin kamun kifi wataƙila cikinka ya ɗauka.

Memorin yana naɗe cikin takardar cakulan ɗinka, ita ta naɗe shi da hannunta. Na sa maka safa biyu masu kauri da kwalbar zuma saboda tarin. Ka sha zumar kai kaɗai, ba kai da ƙattai biyar ba.

Matarka,
Idalina


Visp, 18 ga Nuwamba

Lina,

Ina gaishe ku da kyau. Zumar ta yi aiki, tarin ya lafa. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, rana kuwa ba ta leƙo cikin kwarin nan sai ta ga dama.

Mun kalla. Ranar Lahadi bayan cin abinci Fausto ya ɗora kwamfutar a kan akwati, duk muka zagaye ta. Da farko hancin allo kawai ake gani yana sara ruwa, da hannuwa biyu suna tuƙi. Can sai komai ya karkata, ruwan ya miƙe tsaye kore shar, ya naɗo ta samanta ya yi mata rumfa, ga ɗan haske can gaba tana binsa. Lina, mu shida duka muka sunkuyar da kai a lokaci ɗaya. Fausto ya zubar da miya a wandonsa. Da ta fito sai muka ji ihunta, ɗakin ya kaure da tafi har maƙwabta suka buga bango. Na ga hasumiyar cocinmu daga cikin ruwa. Na rantse miki har ƙarnin teku na ji a hancina.

Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa?

Na kalli abin nan daga farko har ƙarshe, na sake, na kuma sakewa, ban ga 'yata ba. Na ga hannunta. Na ga yatsun ƙafarta sau ɗaya. Na ji numfashinta. Fuska babu. Har mutanen ɗaki suka fara tsokana. Wani ya ce, "Custódio, anya 'yar taka ce ta ɗauko, ba wani kifi aka ɗaura wa kyamara ba?" Na yi dariya tare da su, amma abin ya sosa mini rai.

Fausto ya nuna mini na wasu yara a intanet. Su a hancin allo suke manna kyamarar, ta juyo tana kallon mai hawan, ka ga fuskarsa sarai, yana dariya, gashi na tashi. Ashe haka kowa yake yi. To ita me ya hana ta? Na kwana ina juya abin. Ko dai da gangan ne? Ko hukuncina ke nan na rashin zuwa, a nuna mini komai a ɓoye mini ita? Ruwa kam na sha ganinsa, shekara ashirin ina kansa har aka sayar da jirgin aka bar mu a tudu. Ba ruwa na bari a gida ba, Lina, 'ya na bari.

Maganar Hermínio kuwa, kin san shi da tsohon yayi. Da za a bi ta tasa da har yau da kwale-kwalen tuƙi ake fita kamun kifi.

Sai kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kirsimetin bana ma ba zan samu zuwa ba. An raba hutu, masu ƙananan yara aka fara bai wa. Na yi magana, shugaban aikin ya ce sai Ista. Ki san yadda za ki faɗa mata.

Naki,
Custódio


Peniche, 27 ga Disamba

Custódio,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. An yi Kirsimeti. Na dafa kifi da dankali da kabeji kamar kowace shekara, Yaya Hermínio ya zo da kwalbarsa, muka ci mu uku. Na ajiye maka faranti a wurinka don mantuwa, da na tuna kuma na kasa ɗauke shi.

Yanzu ka gyara zama, don ba daɗi za ka ji ba.

Wasiƙarka a durowar cokula na ajiye ta, inda nake ajiye duka. Ban san tana buɗe durowar nan ba, yarinyar da ko cokalin da ta ci abinci da shi sai na yi magana take wankewa. Na dawo daga aiki na tarar da ita a tsaye a kicin da takardar a hannu.

Ta ce, "Mama, ruwa ya sha gani, ko?"

Na ce, "Wa ya ce ki karanta abin da ba naki ba?"

Ta ce, "Shi ne fa ya faɗa. A teburin nan, zuwansa na ƙarshe. Ya ce a can duwatsu sun rufe shi kamar yana cikin tukunya, abin da ya fi kewa shi ne ya ɗaga kai ya ga inda sama ta haɗu da teku. Ni kuma nake tashi da asuba cikin sanyin nan ina ɗauko masa teku. Ashe ba ya so."

Ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada in ji kukanta. Na ji.

Ka gani ko, mutumin nan? Kai kana can kana lissafin hukunci, ita tana nan tana yi maka kyauta. Maganar da ka faɗa kana sakace ka manta, ita ta riƙe ta shekara biyu. Ni kaina ban san dalilin ba sai ranar. Kun yi kama da juna har abin ya yi yawa, kowa ya kulle bakinsa yana jiran ɗayan ya yi duba.

Kwana biyu ba ta shiga ruwa ba. A na uku ta ɗauki allo da kwalin kyamarar ta nufi rumfar kawunta. Shi ya ba ni labari da bakinsa.

"Kawu, manna mini ita a hanci."

"Ba zan manna ba."

"Kowa haka yake yi."

"Kowa a ƙananan ruwan Baleal yake yi, inda 'yan yawon buɗe ido ke koyon tsayuwa. Ke a ina kike hawa? Ruwan nan naki a kan yashi yake faɗowa, ba zurfi. In kin faɗi, robar da ke ɗaure allon da ƙafarki ta miƙe, ina allon yake dawowa? Kanki. Da hanci yake dawowa. Na yi shekaru ina goge hancin allunanku ina sa musu roba mai taushi, yau ki ce in dasa masa dutse?"

Ta ce ita ba ta faɗuwa. Ya ce, "Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, duk wanda ya sa abin nan a hancin allo, shi yake kallo. Mai hawan ruwa kuwa inda idonsa ya je nan yake zuwa. A goshinki tana kallon abin da kike kallo. A hanci ke za ki koma kallonta."

Ya karɓe abin mannawar ya jefa a durowarsa ya murɗa makulli. Ta kira shi tsoho mai taurin kai, ya ce a gidansu ta gada. Don haka ta wannan ɓangaren hankalina a kwance yake.

Abin da nake so da kai, ka rubuto mata layi biyu da hannunka. Ba ta bakina ba, na gaji da zama gada tsakaninku kowa na taka ni. Maganar Ista kuwa ta karanta da kanta, ta hutar da ni.

Idalina


Visp, 9 ga Janairu

Lina,

Barkanmu da shiga sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta tare a gida ɗaya. Lafiyata lau. Wasiƙarki ce dai ta hana ni cin abincin dare ranar da ta zo.

Kin yi gaskiya, ba ni da bakin magana. Na tuna ranar, na tuna teburin. Ban san akwai mai saurarona ba.

Na kira ranar Lahadi da niyyar in ce ki ba ta wayar. Da kika ɗauka sai na ga idanun mutanen ɗaki, na ji kaina ina tambayarki ko an gyara bututun banɗaki. Na ce bari dai in rubuta, a takarda ba na in'ina. Tun da Hermínio ya kulle abin, ba gaggawa. Gobe Abílio zai kama hanya in dusar ƙanƙara ta bari. Ki yanke takardar daga nan ki ba ta.

Nélia, 'yata,

Babanki ne, wanda Allah ya ba shi ido bai ba shi ganewa ba. Na karɓi tekun da kika aiko mini. Duk ranar Lahadi sai na kunna shi, kuma duk mutanen ɗakin nan sun san hasumiyar cocinmu yanzu. Akwai wurin da kika zauna a kan allo kina jira, kika juya kai a hankali daga gabas zuwa yamma. Da na ɗauka ruwa kike dubawa. Yanzu na gane ni kike nuna wa.

Ki bar kyamarar a goshinki. Ki ji maganar kawunki, ya fi ni sanin allo, ni jirgi na sani. Fuskarki kuwa ki ajiye mini ita, da ƙafata zan zo in gani a Ista, ko shugaban aiki ya yarda ko bai yarda ba. An ce kin fi Mamanki tsawo. Ban yarda ba sai na auna ku da kaina.

Ki yafe wa tsohonki.

Baba


Peniche, 14 ga Fabrairu

Custódio,

Ina fatan kana lafiya. Mu nan, ban san yadda zan amsa wannan tambayar ba, don haka na bar ta.

Wasiƙarka ta tara ga Janairu shekaranjiya ta shigo hannuna. Motar Abílio ta lalace a kan hanya, a garin Burgos, kayan mutane suka yi ta zama a garejin wani bakanike ana jiran ƙarfe daga wata ƙasa. Ya kawo ta da kansa yana ta ba da haƙuri, ya ce ai takarda ba ta ruɓewa.

Abin da na faɗa maka a waya, cewa 'yar faɗuwa ce ta yi an yi mata ɗinki, ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar ba. Ita ta roƙe ni. Likitoci kuma suna ta cewa a jira a gani, na ce me zan ɗaga maka hankali a kai kana cikin rami da manyan injuna. Yanzu an gama jira.

Da ta ga sati ya bi sati ba takarda daga gare ka, sai ta ɗauka fushi kake yi. Ni ma haka na ɗauka, Allah ya yafe mini, har na faɗa a gabanta. Ashe abin mannawar nan ana sayar da shi a kowane shagon alluna, kuɗinsa bai kai na burodin sati ba. Ta je ta sayi wani ta manna, ni da Yaya muna ta gadin durowa.

Ranar ashirin da huɗu ga Janairu ne, da safe. Ruwan ya yi girma ranar. Yaya Hermínio yana bakin yashi, bai lura da hancin allon ba sai da ta wuce shi da gudu ta faɗa ruwa. Ya yi ta kira, iska ta kwashe muryarsa. Ya ce ta kama wata babba, ta miƙe lafiya lau, ruwan ya rufe ta kamar yadda ka gani a hoto. Amma kanta a sunkuye yake. Gaban igiyar ya rushe ba ta gani ba. Ta faɗi, robar ta miƙe, allon ya dawo mata a fuska.

Shi ya fito da ita, da kayansa a jiki, mutum mai shekara sittin da biyar. A wurin aiki aka zo aka kira ni, na shiga motar asibiti da ƙamshin sardin a hannuna har Lisbon. Sun yi aiki sau biyu. Ƙashin kuncin ya haɗu, sun ce zai warke. Ido ɗaya ne ba su iya cetowa ba. Ranar Litinin suka cire shi.

Mun dawo gida. Tana cin abinci kaɗan. In za ta ɗauki kofi sai hannun ya wuce shi, ta yi tsaki ta sake. Ta sa na rufe madubin ɗakinta da tawul. Yaya bai buɗe rumfarsa ba tun ranar, yana zuwa ya zauna a kicin ya tafi.

Na yanke takardar inda ka ce. Karatu na sa mata ciwon kai, don haka ni na karanta mata. Da na kai wurin da ka ce ta ajiye maka fuskarta, sai na dakata. Ita ce ta ce, "Ci gaba mana, Mama." Da na gama ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce in sake karantawa daga farko. Sannan ta ce, "Ki ce masa kada ya zo Ista. Kada ya zo sam. Ba na so ya gan ni haka."

Kyamarar ba abin da ya same ta, ko tsagewa ba ta yi ba. Na so in jefa ta a teku, ta hana. Ta ce in aiko maka da memorin, ga shi nan cikin ambulan. "Ai shi ya nema," in ji ta. Ban san ko da fushi ta faɗa ko da ƙauna ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ni ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na ɗora maka, na sauke, na ɗora wa Abílio, na ɗora wa durowar cokula, na ɗora wa kaina. Ba wanda ya dawo da komai. Ka zauna a wurin aikinka, ka ba ta lokaci. Ka kula da ƙirjin nan.

Matarka,
Idalina


Cikin motar Abílio, bakin layinmu

Lina,

Kada ki tsorata da ganin Abílio da takarda ba kwali. Lafiyata lau. In kin leƙa ta tagar kicin za ki ga motar a gaban gidan burodi. Ina ciki, a kujerar baya, tsakanin akwatin wata mata da injin wankin wani.

Na kalla. Na roƙi Fausto ya fitar da kowa, ya rufe mini ƙofa. Lina, yarinyar nan uwata ce sak. Goshin, da yadda take cije leɓe in ta sa ƙarfi. Yaushe ta zama mace haka? Ta miƙe a kan allon, ruwan ya rufo ta baya, sai ta sunkuyo ta dube ni. Ta yi dariya, ta ce, "Ga ni, Baba. Ka gan ni?" Daga nan hasken da ke fuskarta ya fara duhu. Abin da ke zuwa yana bayan kyamarar, ni ba na ganinsa, ita kuma ni take kallo. Na yi wa kwamfuta ihu in ce ta ɗaga kai. Na rufe ta a nan, ban ga sauran ba.

Da safe na je na ajiye musu hularsu da fitilarsu. Shugaban aikin ya ce in na tafi ba dawowa. Na ce na ji.

Kin ce in zauna, ta ce kada in zo. Na saɓa muku ku biyu, amma rabi kawai. Na zo, ban shigo ba. Ba zan taka ƙofar nan ba sai ta ce. In ta ce yau, yau. In ta ce ba yanzu ba, zan je in kwana a rumfar Hermínio, gobe in dawo in zauna a gidan burodi, jibi ma haka. Na sa ta jira shekara biyu, ba ni da bakin yin gaggawa. Ki gaya mata ba kallonta na zo yi ba. In tana so in shigo da idona a rufe, in zauna a bakin gado ta ji tarina, hakan ma ya ishe ni.

Abu ɗaya nake roƙonki kafin nan. Tun daga Suwizalan har nan nake karanta wasiƙarki, na duba layi-layi, ba ki faɗa ba, ni kuma na kasa tambaya a waya. Wane idon ne, Lina? Ki fito ki gaya mini, don in ta ce in shigo, in san ta wane gefe zan tsaya mata. Ba na so sai ta juyo da kai tana nemana.

Custódio